Yadda Ake Zana Mutum Irin na Tsohuwar Masar, Daga Layin Farko Har Launi

Ɗaliban zane da malaman makaranta sun sha turo mini tambaya iri ɗaya: me ya sa mutumin da suka zana ba ya kama da na tsohuwar Masar? Sun kalli hotunan bangon kaburburan Masar, sun kwaikwaya, sun juya kai gefe, sun bar kafaɗu na kallon gaba, amma mutumin da ya fito bai yi kama da na can ba. Ko ƙafafu su gajarce, ko kai ya yi wa jiki girma, ko a ga mutumin ya rinjaya gaba zai kifa. Matsalar kusan kullum ɗaya ce: sun fara da ido. Mai zanen Masar da ƙirga yake farawa. Yakan raba bango gida-gida, kowace gaɓa ta jiki da layin da take sauka a kai, sai bayan ya gama wannan hannunsa ya sami 'yancin lanƙwasa layi. Ga yadda ake bi, mataki bayan mataki.

1. Haɗa kayan aiki

Ka nemi farin kwali mai kauri, girman A3, wato santimita 29.7 a faɗi, 42 a tsawo. Ka haɗa da littafin lissafi mai gidaje don gwaji, doguwar rula, fensir HB, jan fensir, magogi mai laushi, da buroshi biyu: ɗaya mai faɗi don cika launi, ɗaya siriri mai tsini don jan layi. Sai ƙananan murafai shida na zuba launi, da gwangwanin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na sirki.

Game da kuɗi, abu biyu ne kawai za su taɓa aljihunka, kwali da siririn buroshi. Kada ka yi rowa a kan siririn nan. Na arha yakan baje baki tun a aikin farko, kuma layin ƙarshe shi ne fuskar aikin gaba ɗaya. Launi kuwa zaɓi biyu ne: ko ka sayi fentin ruwa na ƙananan kwalabe da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta, ko ka haɗa naka da ƙasa da ƙaro, wanda kusan kyauta ne, lokaci kawai yake ci. Zan yi bayaninsa a mataki na 7.

Gargaɗi: kada ka sayi kwali mai santsi da sheƙi. Launin ruwa ba ya kama shi, sai ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo.

2. Zaɓi wanda za ka zana, da inda zai fuskanta

Ka fara da namiji a tsaye, shi kaɗai, yana fuskantar dama. Wannan ita ce fuskar da masu zanen Masar suka fi ɗauka a matsayin asali, kuma a nan hannaye da ƙafafu suke zama ba rikici. Shawarata a fara da mutanen gari, kamar magatakarda ko ma'aikacin fada mai sanda a hannu, a bar gumakansu da kambunan fir'aunoni. Abin da ake koyo a nan jikin ɗan Adam ne, kayan ado na ɗauke hankali.

In kana son samfuri mai kyau da za ka ajiye a gabanka, nemi hoton allunan katako na Hesire, wani babban ma'aikaci na zamanin gidan sarauta na 3 a jerin gidajen da suka mulki Masar, da aka samo a Saƙƙara, suna Alƙahira yanzu. Yana tsaye, sanda a hannun gaba, ƙafar hagu a gaba. Babu abin da ya fi shi nuna yadda jiki ke tsayuwa a wannan salon.

3. Ja gidajen awo

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi mutane suka fi yi a gurguje. Masu zanen Masar, tun daga zamanin da masana tarihin Masar ke kira Daular Tsakiya, sukan tsoma zare a jan launi, mutum biyu su ja shi a jikin bango, a ɗaga tsakiya a saki, ya bar layi miƙaƙƙe. Har yau ana ganin ragowar irin waɗannan layuka a kabarin wani gwamna, Sarenput na Biyu, da ke Aswan, inda ba a kai ga rufe su da launi ba. A kan takarda, rula da jan fensir sun isa.

Bar santimita 2 daga ƙasan kwalin, ka ja layi ɗaya mai ɗan kauri. Wannan shi ne layin ƙasa, ka rubuta masa 0 a gefe. Daga nan ka riƙa hawa santimita biyu-biyu, kana jan layi kwance, har layi na 19. Sai ka ja layukan tsaye, su ma santimita biyu-biyu, za ka sami gida 14 a faɗi. Ka rubuta lambar kowane layi kwance a gefen hagu da na dama, don kada idonka ya tsallake. A ƙarshe ka zaɓi layin tsaye da ke tsakiya ka ƙara masa kauri. Shi zai bi ta kunnen mutumin ya sauko ya raba jiki biyu.

Gargaɗi na farko: layuka ake ƙirgawa, kuma layin ƙasa sifili ne, ba ɗaya ba. Wanda ya fara daga 1, duk gaɓoɓinsa za su sauko da gida guda.

Gargaɗi na biyu, kuma shi ne kuskuren da na fi gani a ayyukan da ake nuna mini: gida 18 ba daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai ba ne. Daga tafin ƙafa ne zuwa inda gashi ya fara a goshi. Sun tsaya a nan ne saboda abin da ke saman goshi yana canzawa, wani gashin ari ne, wani hula, wani dogon kambi. Shi ya sa ka ja layi na 19, don ƙoƙon kai ya sami wuri.

Kada ka danna jan fensirin. Layin ya kasance da kyar ake ganinsa, domin launin ruwa ba ya ɓoye kwarmin da fensir ya yi wa takarda.

4. Ɗiga alamun gaɓoɓi

Har yanzu ba zane za ka yi ba, ɗigo kawai. A kan layin tsakiya da kusa da shi, ka sa alamu kamar haka:

- Layi na 6: saman gwiwa.
- Layi na 9: ƙarshen mazaunai, kuma wuyan hannun da ya sauka.
- Layi na 11: lotsawar gadon baya, da cibiya.
- Layi na 12: gwiwar hannu.
- Layi na 14: kan nono. Hammata rabin gida sama da nan.
- Layi na 16: inda wuya ya haɗu da kafaɗu.
- Layi na 17: ƙasan hanci.
- Layi na 18: farkon gashi a goshi.

Ka lura da tsarin: gwiwa tana kashi ɗaya cikin uku na tsayin, ƙarshen mazaunai a rabi, gwiwar hannu a kashi biyu cikin uku. In ka riƙe 6, 9, 12, 16 da 18 a ka, sauran za su biyo.

Faɗi kuma: kafaɗun namiji gida 6 ne, uku a kowane gefen layin tsakiya. Tsakanin hammata da hammata gida 4. Ƙugu a layi na 11 gida biyu da 'yan kai, bai kai biyu da rabi ba sosai. Tsawon tafin ƙafa gida 3. Daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, in an miƙe su, kimanin gida 5.

Ka yi wannan matakin sau da yawa a littafin lissafi kafin ka taɓa kwalin. Gidajen littafin sun riga sun yi maka rabin aiki.

5. Zana jiki, daga ƙasa zuwa sama

Ƙa'idar da ke bayan salon nan mai sauƙi ce in an gane ta: kowace gaɓa ana zana ta daga ɓangaren da aka fi saurin gane ta. Ba wai masu zanen ba su iya zana mutum yadda ido ke ganinsa ba. A kan ɓaraguzan dutse da ma'aikatan Deir el-Medina, ƙauyen masu aikin kaburburan sarakuna, suka yi gwaji a kai, akwai zane-zanen da hannu ya sake sosai. Sun zaɓi wannan hanyar ce domin suna son jiki ya bayyana cikakke, kada wata gaɓa ta ɓoye wata.

Fara da ƙafafu, da jan fensir. Duka biyun suna kallon dama, duka biyun a shimfiɗe kan layin ƙasa, har diddigen ƙafar baya. Ƙafar da ta fi nisa da mai kallo, wato ta hagu, ita ce a gaba. Tsakanin yatsun ƙafar baya da diddigen ta gaba, bar gida uku zuwa huɗu, kuma ka tabbata layin tsakiya ya faɗo tsakaninsu.

Gargaɗi: a tsohon salon, ƙafafun biyu duk daga ciki ake nuna su. Babban yatsa ɗaya kawai ake gani a kowace, da lanƙwasar tafin ƙafa. Hannunka zai so ya jera yatsu biyar a ƙafar da ke kusa, ka hana shi. Jera yatsun ƙafar kusa ya yaɗu ne daga baya, a ƙarshen gidan sarauta na 18. Kuma in ka ɗaga diddigen baya, ka mai da mai tsayuwa mai gudu.

Daga idon sawu ka hau da ƙwauri, ka ba sha-raɓa kumburinsa tsakanin layi na 3 da na 5, ka matse a gwiwa, ka buɗe cinya har layi na 9. Mazaunai a gefen hagu kaɗai suke fitowa, tunda ƙugu a gefe yake.

Yanzu wurin da ya fi wuya. Daga ƙugu zuwa kafaɗa jiki yana juyowa daga gefe zuwa gaba, kuma dole juyin ya tafi ba tare da an ga inda aka yi shi ba. Dabarar tana cikin layuka biyu. Layin baya ya taso daga mazaunai, ya lotsa ciki a layi na 11, ya buɗe zuwa hammatar baya. Layin gaba ya taso daga cinya, ya ɗan kumbura a ciki, ya hau zuwa hammatar gaba, kuma a jikin wannan layin ne kan nono guda ɗaya yake fitowa a layi na 14. Cibiya ba a tsakiya take ba, ka matsar da ita kusa da layin gaba. Wannan 'yar matsawar ita ke sa ido ya yarda da juyin. In ka sa ta a tsakiya, sai a ga kamar an ɗora gangar jikin wani a kan ƙafafun wani.

Kafaɗu a layi na 16, a miƙe, duka biyun a bayyane. Hannun baya ya sauka kusa da jiki, gwiwarsa a 12, dunƙulen hannu ya ƙare wajen layi na 8. Hannun gaba ya lanƙwashe ya riƙe doguwar sanda da ta taɓa ƙasa a gaban ƙafa.

Kai ya zauna tsakanin 16 da 19, yana kallon dama. Goshi da hanci su sauko kusan layi ɗaya, leɓɓa a rufe ƙasa da 17, haɓa gajere. Kunne a kan layin tsakiya. Ido kuwa cikakke ake zana shi, yadda za ka gan shi in mutum ya fuskance ka, tsakanin 17 da 18, da gira doguwa a sama, da layin tozali da ya wuce kusurwar ido ya nufi kunne.

Gargaɗi: kada ka ƙara wa ido girma don ka ji an ce idon Masar babba ne. Gida ɗaya bai kamata ya cika ba. Tozalin ne ke sa a ga ya yi tsawo.

Tufafi a ƙarshe: ɗan farin zane daga ƙugu zuwa gwiwa, ɗamara ta taso daga lotsawar baya ta gangaro ƙasa da cibiya, da faffaɗan abin wuya mai zagaye daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

6. Gyara da baƙi

A kabarin Fir'auna Horemheb da ke Kwarin Sarakuna kusa da Luksor, wanda aka gano a 1908, an bar aiki ba a gama ba, don haka ana ganin matakan a jere a bango ɗaya: zanen farko da ja, gyara da baƙi a kansa, sannan inda masassaƙa suka fara. Ka yi koyi da wannan. Kada ka goge jan zanen. Ajiye kwalin, ka ba shi 'yan sa'o'i, ka dawo ka jingina shi a bango ka ja da baya. Duba kowace gaɓa da lambarta, ka bi da fensir HB kana gyarawa a kan jan. In akwai wanda ya fi ka hannu a kusa, ba shi fensirin, haka su ma suke yi.

7. Haɗa launuka

Launuka shida suka wadatar: ja mai duhun ƙasa, ruwan ɗorawa, fari, baƙi, shuɗi da kore. Masarawa sun samo ja da ɗorawa daga ƙasa mai sinadarin ƙarfe, baƙi daga hayaƙi da gawayi, fari daga farin dutse, kore daga dutsen tagulla. Shuɗinsu haɗa shi suke yi, su dafa yashi da tagulla da farar ƙasa da kanwa a wuta mai tsanani, su niƙa. Abin da ke riƙe launin a bango mafi yawa ƙaro ne, wannan dai da ake zubawa a tawadar allo, wanda ake samu a kasuwanninmu ba wahala.

In fentin kwalba ka saya, ka kashe masa ƙyalli. Jan kwalba ya yi haske da yawa, sai ka sa masa ɗan fenti mai launin ruwan ƙasa da ɗigon baƙi har ya koma launin tukunyar da aka gasa. Ɗorawa ma ka sa mata ɗigon ruwan ƙasa.

In naka za ka haɗa, ga yadda ake yi. Daka ƙaro, ka jiƙa awo ɗaya a awo biyu na ruwan ɗumi, ya kwana, ka tace da ƙyalle. Jar ƙasa kuma ka dama ta a bokiti da ruwa mai yawa, ka jira yashi ya kwanta na ɗan lokaci kaɗan, ka tsiyaye ruwan saman mai launi a wani mazubi, ka bar shi ya kwana. Da safe ka zubar da ruwan da ya tsaya, laushin da ya kwanta a ƙasa shi ne launinka. Shanya shi, ka niƙa. Haka za ka yi wa ƙasa mai ruwan ɗorawa. Fari daga alli, baƙi daga baƙin tukunya ko gawayin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai. Shuɗi da kore ka saya kawai, ba su cancanci wahalar ba.

Ka gwada kowane haɗi a guntun kwali. In ya bushe ka shafa da yatsa ya biyo, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi sheƙi ya tsattsage, ƙaro ya yi yawa. Ɗigon zuma ɗaya yana rage tsagewa.

Gargaɗi: kada ka ɗauki tozalin dutse ka ce za ka yi baƙi da shi, akwai dalma a ciki. Kuma a hana yara lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Ruwan ƙaro yana tsami cikin 'yan kwanaki a lokacin zafi, don haka ka jiƙa daidai bukata.

Mai son ya ji yadda hannun mai zanen Masar yake ji, ya yanki siririn kara ko ciyawar fadama mai ƙarfi, ya tauna bakinta kamar asuwaki har ta yi gashi. Da irin wannan suke jan layi.

8. Shafa launi

Yanzu ka goge layukan awo da ke wajen jiki a hankali. Fara da bango: fari mai ɗan duhu ko ɗorawa mai haske, ka zagaye mutumin. Sai fata. Al'adar ita ce namiji ja mai duhu, mace ruwan ɗorawa mai haske. Bayan fata, farin zane, sannan gashi baƙi, sannan layukan abin wuya da shuɗi, kore da ja. Kowane launi ya bushe kafin na kusa da shi ya shigo.

Launi a shimfiɗe ake sa shi, kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe. Babu inuwa a ƙarƙashin haɓa, babu haske a kan kafaɗa, babu inuwar mutum a ƙasa. Ɗaliban da suka saba da zanen Turai a nan suke zamewa, domin an koya musu cewa jiki ba ya fitowa sai da inuwa. A wannan salon layi ne ke ɗauke da jiki. Gara shafi biyu marasa kauri da ɗaya mai kauri, kuma ka manne gefunan kwalin a kan katako kafin ka fara, kada ruwa ya nannaɗe shi.

9. Layin ƙarshe

Bar aikin ya kwana. Da siririn buroshi ka bi gefen fata da ja mai duhu sosai, gefen farin zane da ja siriri, ido da gira da baƙi. Ka ja layi da tafiya ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, gwiwar hannunka na motsi, ba yatsu kaɗai ba. Layin da aka yi da gutsure-gutsure yana tona kansa ko daga nesa. Ka sa takarda a ƙarƙashin hannunka, gumi yana narkar da ƙaro.

10. Mace, mai zama, da mutane da yawa

Mace ma gida 18 ce, amma kafaɗunta tsakanin gida 4 da 5, lotsawar bayanta ta hau zuwa layi na 12 ko sama kaɗan, ƙafafunta kusan a haɗe, ta nesa ta ɗan leƙo gaba. Doguwar farar riga takan sauka har kusa da idon sawu.

Mai zama gida 14 ne daga ƙasa zuwa goshi. Saman kujera a layi na 5, saman gwiwa a 6, kafaɗu a 12. Lissafin a bayyane yake: daga mazaunai zuwa goshi gida 9 ne, a ɗora su a kan 5. Akwai allon gwaji na katako a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, mai hoton Fir'auna Tutmosis na Uku a zaune, gidajen awonsa na nan ba a goge ba. Ka nemi hotonsa ka ƙirga da kanka.

In mutane da yawa za ka haɗa, girma na bin matsayi ne, ba nisa ba. A zanen farautar tsuntsaye na kabarin wani magatakarda mai suna Nebamun, na wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne babba a tsakiyar kwalekwale, matarsa ƙarama a bayansa, 'yarsa ta fi ƙanƙanta tana zaune tsakanin ƙafafunsa. Don haka kowane mutum ka ja masa nasa gidajen, na babba manya, na ƙarami ƙanana, ƙirgar dai 18 ce. Abin da ke nesa ba a ƙanƙanta shi, sabon layin ƙasa ake ja masa a sama.

Gargaɗi: ka duba zamanin samfurinka kafin ka ɗora masa awo. Zanen zamanin Fir'auna Akhenaten ya fi dacewa da gida 20, da dogon wuya da ciki mai saukowa. Daga wajen gidan sarauta na 25 da na 26 kuma an koma gida 21, ana tsayawa a fatar ido ta sama maimakon goshi. In ka ɗora 18 a kan waɗannan, gaɓoɓin ba za su faɗa kan layukan da na lissafa ba, sai ka sake jan gidaje daidai da zamaninsu.